Tarihin Battling Siki, ɗan Senegal da ya fara ɗauko wa Afirka kambun damben duniya

 A filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau dambe za mu taɓa. Samarinmu da dama sun kama wata al'ada a ƴan shekarun nan: a samo tsohon buhun taki ko na shinkafa, a ɗura masa rairayi, a rataye shi a reshen dogon yaro, a yi ta dukansa safe da yamma ana kwaikwayon abin da aka gani a waya. In ka tambaye su wa suke son zama, sai ka ji Muhammad Ali ko Mike Tyson. Dattawa kuma Shago da Ɗandunawa suka sani, ta bakin Ɗan Anace, in kuwa zancen kokowa ne sai Kantu na Maraɗi, wanda ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975. To amma wane ne mutum na farko haifaffen Afirka da ya zama zakaran duniya a damben Turawa? A nan kowa kan yi shiru. Ɗan Senegal ne, sunansa na fage Battling Siki, kuma shekara 28 kacal ya yi a duniya.

An haife shi ranar 16 ga Satumba 1897 a birnin Saint-Louis, wanda mutanen ƙasar ke kira Ndar, a bakin kogin Senegal inda yake shiga teku. Sunansa na gida Amadu Mbarik Fal, a takardun Turawa kuma Louis Mbarick Fall. Don ku gane nisan lokacin, shekara biyu ke nan kafin ayarin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa ya ƙone Birnin Ƙonni. Saint-Louis a wannan zamani ita ce hedkwatar dukan ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka ta Yamma, kafin a mai da ita Dakar a 1902. Birni ne mai benaye da makarantu da tashar jiragen ruwa. Ku riƙe wannan, domin daga baya jaridun Paris za su yi ta rubuta cewa daga ƙungurmin daji aka kamo shi.

Labarin da ya fi yaɗuwa game da tafiyarsa Turai shi ne, yana cikin yaran da ke nutso a ruwa suna tsintar kuɗin da Turawa ke jefa musu, sai wata Baturiya mai wasan dandamali ta gan shi, ya burge ta, ta tafi da shi Faransa. Zaman bai ɗore ba. Yaro ya tsinci kansa shi kaɗai a Marseille, ba uwa ba uba, ba wanda zai tambaye shi ko ya ci abinci. Ya yi wanke-wanke a gidajen abinci, ya yi duk ɗan aikin da ya samu. Wanda ya taɓa sauka a tashar wani gari da dare, ba shi da lambar kowa, ya san irin wannan halin ba sai mun bayyana masa ba.

Yana ɗan shekara 15 ya fara shiga dambe don kuɗi, a garuruwan kudancin Faransa. Ba wani abin a zo a gani ya yi ba a farkon. Daga 1912 zuwa 1914 ya yi karawa 16, ya ci 8, aka ci shi 6, aka yi canjaras 2. Sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke, ya shiga sojan Faransa, cikin rundunar sojojin ƙasa ta ƙasashen mallaka. Shekarun da ɗan dambe ke gina jikinsa, shi a ramukan yaƙi ya yi su. Ya fito da rai, da lambobin yabo biyu na jarumta, Croix de Guerre da Médaille militaire, aka sallame shi a 1919.

Daga nan ne ya zama wani mutum daban. Tsakanin ƙarshen 1919 da Satumba 1922 ya yi karawa 46, ya ci 43, sau ɗaya tak aka ci shi. Ya yi dambe a Faransa da Beljiyam da Jamus da Holan. A Holan ɗin ya samu natsuwa, ya haɗu da wata ƴar ƙasar mai suna Lijntje van Appelteer, suka yi zaman miji da mata, ta haifa masa ɗa namiji, Louis, a 1921. A watan Yuni 1922 ya doke Marcel Nilles, wani babban ɗan damben Faransa a ajin masu nauyi. Bayan wannan, sai mutum guda ya rage a gabansa.

Kafin mu kai ga wannan mutum, bari mu tsaya kan abin da ake nufi da karawa 46 cikin shekara uku, saboda masu buhu a tsakar gida. A dambenmu na gargajiya turmi uku ne. Hannu ɗaya ake ɗaurewa da zare, shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa, kuma da an kai mutum ƙasa an yi kisa, zance ya ƙare. Damben Turawa ba haka yake ba. Hannu biyu ake sa wa safa, kowane turmi minti 3 ne, a huta minti 1, kuma a zamanin Siki karawar kambu turmi 20 ce. Awa guda cur ana naushi ke nan, ban da hutu. Mai ƙarfin hannu kaɗai ba ya kai turmi na biyar, numfashi ne zai yanke masa. Shi ya sa a wurin ƴan damben gaske buhu ba wurin huce haushi ba ne. Da agogo ake dukansa, minti 3 ana aiki, minti 1 ana hutawa, a sake, kamar dai ana fage. Ba a tsayawa cak a gabansa, zagaya shi ake yi, a matso a kai naushi biyu ko uku a ja da baya, domin abokin karawa ba zai tsaya yana jiran ka ba. Duk hannun da ya fita ya dawo ya tsare haɓa kafin ɗayan ya tafi. A fitar da numfashi tare da kowane naushi. Wani turmin a yi shi da hagu kaɗai, wani a kai ƙasa wajen haƙarƙari, wani a yi sauri ba ƙarfi. Ga gudu da asuba, ga tsallen igiya, ga dambe da inuwa.

Kuma tun da mun shiga zancen, wata ƴar shawara ga yaranmu. Rairayi zalla in ya kwanta a gindin buhu dutse yake zama, ƙasusuwan bayan hannu kuwa ƙanana ne, ba su da wuyar tsagewa. A cika buhun da tsummoki, a danna su sosai, rairayin ya zama kaɗan a tsakiya cikin leda don nauyi kawai. A naɗe wuyan hannu da gaɓoɓin yatsu da ƙyalle kafin a fara. A duba reshen da igiyar, a kuma kori ƙanana daga wurin. Hannun nan shi ne na hauya da kalme, in ya karye a bazara damina ta tafi.

To, mu koma Paris. Mutumin da ya rage shi ne Georges Carpentier, zakaran duniya a ajin da ke bin masu nauyi, wato waɗanda ba su wuce kilo 79 ba. Ya ɗauki kambun a 1920 daga hannun Battling Levinsky. A Yuli 1921 ya je Amurka ya kara da Jack Dempsey, karawar farko a tarihi da kuɗin ƙofa ya haura dalar Amurka miliyan ɗaya, kuma duk da an kashe shi a turmi na 4, Faransawa ba su rage son sa ba. Kyakkyawa ne, matuƙin jirgin sama a lokacin yaƙi, kuma lambobin nan biyu da Siki ya samu shi ma yana da su. Sojojin ƙasa ɗaya ne, amma ɗaya ana kiransa abin alfaharin Faransa, ɗayan ana zana shi a jarida kamar biri.

Ranar 24 ga Satumba 1922 aka haɗu a filin Buffalo da ke Montrouge, a bakin birnin Paris, gaban mutum dubu 40 ko fiye, ga masu ɗaukar fim. Bisa abin da Siki ya bayyana daga baya, an riga an shirya wasan tun kafin a shiga: zai ɗan taka rawa, ya faɗi a farkon turaman, a ba shi ɗan kasonsa, ba wanda zai ji ciwo. Ɓangaren Carpentier sun musanta haka har ƙarshe. Abin da kowa ya gani shi ne, a turmin farko Siki ya durƙusa ba tare da wani naushin kirki ya same shi ba, alƙali ya ce ya tashi. A turmi na uku Carpentier ya sakar masa hannu na gaske ya kai shi ƙasa. Da ya miƙe, ba Sikin ɗazu ba ne. Ya ce abin da ya tunzura shi, an yi alkawari ba za a dake shi da ƙarfi ba aka dake shi, sannan ya dubi taron nan ya ga bai iya kwanciya a gabansu da gangan. Ya hau Carpentier da duka, turmi na huɗu, na biyar, fuska ta kumbura, idanu suka rufe. Shi Carpentier bai shirya wa doguwar karawa ba, don ya ɗauka wasan yara ne, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. A turmi na shida Siki ya ɗauke shi da hannun dama, ya zube bai tashi ba.

Sai alƙalin wasa, Henri Bernstein, ya ce Siki taɗiye shi ya yi da ƙafa, don haka an fitar da shi, Carpentier da ke kwance shi ya ci. A nan dai a yaba wa mutanen Paris na wannan rana. Sun zo ne don su ga nasu ya yi nasara, amma da suka ji hukuncin sai fili ya ruɗe da ihu, suka ƙi tafiya. Dole alƙalan gefe suka zauna, suka soke hukuncin, aka ɗaga hannun Siki. Yana da shekara 25 da kwana 8. Mako uku bayan haka, a Oktoba 1922, Faransa ta mai da yankin Nijar ya zama cikakkiyar ƙasar mallaka, hedkwata a Damagaram. Ku auna da kanku yadda masu mulki suka ji, a ce a daidai wannan lokaci wani baƙar fata daga ƙasar da suke mulka ya shimfiɗe gwarzonsu a gaban kyamara.

Ba a bar shi ya ji daɗin abin ba. Jaridu suka yi masa ca, wasu da zagi ƙiri-ƙiri, wasu da yabon da ya fi zagi ciwo, wai ƙarfin dabba ne ba dabara ba, wai ba ya atisaye, wai bai san zafi ba. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Mutumin da ya ci karawa 43 cikin 46, ya kuma iya tsayawa turmi 20, ya sha gudu ya sha buhu. Peter Benson, Ba'amurken da ya rubuta littafin tarihinsa a 2006, shi ma ya nuna cewa yawancin abin da aka yaɗa a kansa ƙirƙirar ƴan jarida ce. Sai dai shi ma Siki ya ba su abin rubutawa. Kuɗi sun shigo, ya shiga yawo a manyan titunan Paris da tufafi masu tsada, yana jan zaki da igiya, yana harba bindiga sama, yana rabon kuɗi a mashaya. An ce shi na daji ne, sai ya ɗauki rigar ya sa yana yi musu dariya, rigar kuwa ta manne masa. Giya ma a nan ta samu wurin zama.

A Nuwamba 1922, bayan wata hatsaniya da ya yi da wani manaja a wurin damben da ba shi ke yi ba, hukumar damben Faransa ta dakatar da shi, ta ƙwace masa kambun da ke ƙarƙashin ikonta. Ko wata biyu ba a cika ba da nasararsa. A nan ya fasa ƙwai ya faɗi zancen shirin da aka yi. Wanda ya tsaya masa shi ne Blaise Diagne, ɗan majalisar Senegal, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa a majalisar dokokin Faransa a 1914, wanda kuma shi ne ya zagaya Afirka ta Yamma a 1918 yana ɗebar wa Faransa sojoji. Diagne ya kai maganar har zauren majalisa, yana cewa launin fata ake hukuntawa. Wani matashi ɗan Biyetnam da ke zaune a Paris, Nguyen Ai Quoc, shi ma ya yi rubutu a kan lamarin a jaridar Le Paria. Shi ne duniya ta sani daga baya da sunan Ho Chi Minh. An yi bincike, hukuma ta wanke kanta ta ce ba a shirya komai ba, amma ta mayar wa Siki da lasisinsa.

Ingila kuma ta rufe ƙofarta. An shirya zai kara da Joe Beckett a Landan, gwamnati ta hana, don ba ta son a ga baƙi da fari suna dambe alhali tana mulkin miliyoyin baƙaƙe. Da wuraren samun kuɗi suka ƙuntata, sai ya karɓi tayin da har yau masana dambe ke girgiza kai in an ambata: ya kare kambunsa da ɗan ƙasar Ailan, Mike McTigue, a babban birninsu Dablin, ranar 17 ga Maris 1923, wato ranar babban bikin ƙasar, kuma ana tsakiyar yaƙin basasa. Kamar ka je garin mutum ranar sallarsu ka ce za ka ka da ɗansu a gaban makaɗansu. Bam ya tashi kusa da zauren La Scala a wannan dare, amma aka yi wasan. Turmi 20 suka yi ba kisa, Siki na bi McTigue na zillewa, a ƙarshe aka ba McTigue da maki. Waɗanda suka kalla sun rabu biyu a kan hukuncin. Kambun duniya dai ya tafi, bai cika wata shida a hannunsa ba.

A Satumba 1923 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, ya bar Lijntje da yaron a Turai, bai kuma sake komawa gare su ba. A 1924 ya auri wata Ba'amurkiya, Lillian Werner, a Niyok. Wannan ba mu da abin da za mu kare shi da shi, kuma mun san akwai gidaje a nan yankinmu da suka san zafin irin wannan shiru. Karawarsa ta farko a can, da Kid Norfolk a Madison Square Garden, Nuwamba 1923, ya kai turmi 15 ana ba-ta-kashi, aka ci shi da maki, amma ƴan kallo sun yaba. Daga nan abin ya yi ta gangarowa. Lokacin an haramta sayar da giya a Amurka, sai ta ɓoye, mai guba, ita yake sha. Yau ya ci, gobe a ci shi, ana yawo da shi gari-gari don sunansa na cika zaure. Ƴan sanda sun sha kama shi kan rigima da direbobin tasi da masu mashaya. A Maris 1925 Paul Berlenbach ya yi masa dukan da sai da alƙali ya tsayar da wasan a turmi na 10. A wannan shekarar aka soke shi da wuƙa a titi, ya warke. A nan kam, zancen da jaridu suka ƙaga a 1922 ya zama gaskiya, ya daina atisaye.

Da asubahin 15 ga Disamba 1925 wani ɗan sanda ya tsinci gawarsa kwance rub da ciki a titi na 41, unguwar Hell's Kitchen, ƴan taku kaɗan daga gidan da yake haya. Harsashi biyu a baya. Ba a taɓa kama wanda ya harbe shi ba. A Harlem aka yi masa jana'iza, Fasto Adam Clayton Powell babba ya jagoranta, wasu Musulmi mazauna birnin kuma suka zo suka yi masa addu'a suka ɗauki makarar. Aka binne shi a maƙabartar Flushing da ke Queens. Ƴan uwanmu da ke Bronx da Harlem, jirgin ƙasa ɗaya ko biyu ne tsakaninku da wurin.

Bayansa an daɗe kafin wani ɗan Afirka ta Yamma ya sake hawa wannan matsayi. Sai a 1957 Hogan Bassey na Najeriya ya ɗauki kambun duniya, shi ma a Paris, sannan Dick Tiger a 1962. Mu a Nijar, lambar Olamfik ɗinmu ta farko ta hanyar dambe ta zo, tagullar Issaka Daboré a Munich a 1972, kuma sai bayan shekara 44 Abdoul Razak Alfaga ya kawo azurfa a takwando daga Rio.

Shekara 68 Siki ya yi kwance a ƙasar baƙunta. A 1993, da taimakon hukumar damben duniya ta WBC ƙarƙashin shugabanta José Sulaimán, aka tono ƙasusuwansa aka sa a jirgi zuwa Senegal. Mutanen Ndar suka fito suka tarye shi, aka yi masa salla, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta garin, tsakanin kogi da teku. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.